Gangar da na kai wa Jummai tsaraba

Muna sallame sallar asuba muka bar Kaduna, ni da sandata da wata 'yar ganga da na saya wa jikata Jummai. Shekararta biyar, ita ce amaryata a cikin jikoki. In an haɗa mu a waya sai ta rera mini waƙa, sannan ta ce in na sake zuwa hannu rabbana ta fasa auren. Ni kuwa da na yi har aji uku a firamare, na san barazana in na ji ta.

Hanya, jama'a, ba a cewa komai. Daga Buruku direba ya daina neman kwalta, ya koma zaɓen ramin da ya fi mutunci. Da muka shiga dajin Birnin Gwari kowa ya yi tsit, har matar da ke gefena, wadda tun tasha take mita kan tsadar masara, ta koma salati. A Birnin Gwari na sha fura mai sanyi, na ci soyayyar doya, da aka faɗi kuɗin ni ma na yi nawa salatin. Daga nan ɗan acaɓa ya kai ni ƙauyen da ɗana yake noma, can wajen Kakangi.

Abin da na fara gani ya ɗaure mini kai. 'Yan mata ne ke gaɗa da la'asar, rana tana kallonsu, alhali a zamaninmu sai farin wata. Ba sa ko tafi, cinya suke bugawa a hankali, waƙar kamar ana raɗa. Na ce wannan ai zaman makoki ne, bari dattijo ya gyara musu. Ko gida ban shiga ba, na zaro gangar na dinga zuba mata duka.

Kafin in ɗaga kai dandali ya zama wayam. Mata suka fito da goyo ba mayafi, wani tsoho sa'ana ya tsallake danga kamar ɗan akuya. Ɗana ya iso a guje ya riƙe mini hannu, ko gaisuwa babu.

"Baba, me ka yi? Ganga a garin nan yanzu ai 'yan daji sun shigo take nufi."

Aka bazu gonaki ana cewa ba komai. Yara suka dawo ɗai-ɗai, ban da Jummai. Na kutsa cikin dawa ina ƙwala mata kira, surukata ta ce in yi haƙuri in bari. An koya wa yara kada su amsa sunansu ko da muryar ubansu ce, domin ana iya tasa mutum gaba da bindiga a ce ya kira 'ya'yansa. Waƙa ɗaya ce ke fito da su, kuma mata ke yin ta. Rana ta fara ja, ga daji a bakin gonar.

Mata suka jeru cikin dawa, har da wata Bafillatana da ta aje ƙwaryar nononta a hanya, suna rerawa: ɗan tsako fito, shaho ya wuce, ga tsaki a faifai. Ni da aka hana buɗe baki ina biye da su. Gab da magariba ganyen wake ya motsa a gindin wata kunya. Jummai ta fito, kai duk ƙasa, hannu biyu toshe da baki. Uwar ta rungume ta. Yarinyar ta leƙo ta kafaɗar uwar ta gan ni.

"Tsoho, kai ina ka ɓuya? Ai ba ka iya gudu ba. Gobe zan nuna maka ramina, zai ci mu biyu."

Na kwana biyu ina bi gida-gida ban haƙuri, sannan na dawo Kaduna lafiya. Abin da na koyo shi ne, in ka tarar yara suna waƙa ƙasa-ƙasa, kada ka ɗauka ba su iya ba, tambaya za ka yi. Ramin kuwa na gwada shi, ƙafafuna a waje suka tsaya. Jummai ta ce kada in damu, za ta ƙara haƙawa.