Juyin da Inna Mai Mazagi Ta Ɓoye

Duk layin an san Inna Mai Mazagi da abu biyu: mazaginta ba ya tsinkewa, ita kuma ba ta yarda da kowa ba. In ka gaishe ta da fara'a, sai ta yini tana tunanin abin da kake nema.

Sana'arta kitson zare da yatsu. Takan ninka zaruruwa masu launi, kowanne ya zama maɗauki mai kamar zobe, ta ɗaure bakinsu a ƙafar gadonta na ƙarfe, ta saƙala maɗaukan a yatsunta. Yatsan wannan hannun ya ratsa ya ɗauko na wancan, ta ware hannuwa kitson ya matse. Da haka take fitar da mazagin wando, da igiyar jaka, da ta wuyan riga. Wajen kakarta ta koya, da sana'ar ta ciyar da 'ya'ya huɗu bayan rasuwar maigidanta. 'Ya'yan kuwa ba wanda ya kalli zaren sau biyu.

Asirin duka a juyi ɗaya yake. In ka ɗauko maɗauki a miƙe, kitson zai rabu, ya fito siraran igiyoyi biyu marasa amfani. Sai an juya shi wajen ɗaukowa yake haɗewa ya zama ɗaya. In baƙo ya shigo, Inna takan yafa gefen mayafinta a kan hannuwanta.

Ana nan wani tela ya kama hayar ɗakin da ke kallon nata. Wata safiya matarsa ta yi sallama, ta durƙusa a bakin ƙofa.

"Inna, don Allah ki koya mini. Tun da muka tare nake sha'awar aikin nan."

Sha'awa! Inna ta dube ta sama da ƙasa. Mijinki na da shago da kekunan ɗinki, ke kuma sha'awa ta kamo ki? Ai an gane. Aiko ta aka yi, gobe a ga mazaginta jibge a shagon tela a rabin kuɗi. Amma kora za ta jawo surutu a gidan haya, don haka ta ce, "Shigo, 'yar nan."

Ta koya mata komai, ban da juyin. In za ta nuna, a miƙe take ɗaukowa, ta tsaya kafin rabuwar ta bayyana, ta miƙa mata zaren. Matar tela ta yi ta fama, kullum igiya biyu ke fitowa.

"Inna, me nake yi ba daidai ba?"

"Hannunki ne bai faɗa ba tukuna. Ci gaba."

Baiwar Allah, ta ci gaba. Tana yi wa Inna shara, tana ɗebo mata ruwa, tana shafa mata man zafi a gwiwa. Kowace hidima sai ta ƙara wa Inna zargi: wannan ladabi haka, lallai abin da suke nema babba ne. Telan kuwa, da Inna ta sani, ko launin zaren bai taɓa tambaya ba. Mita ma yake yi wai matarsa ta tare a ɗakin tsohuwa.

Rannan matar tela ta dawo ɗaukar ɗankwalinta da ta manta, ta tarar da ƙofa a buɗe. Inna na aikinta na gaske, ba mayafi. Matar tela ba ta kama yadda ake yi ba, yatsun sun fi idonta sauri, amma ta ga ba abin da ake nuna mata ba ne. Ta ɗauki ɗankwalin ta fita. Ba ta daina gaisuwa ba. Zaren dai ta daina taɓawa.

Bayan 'yan watanni Inna ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida. Matar tela ce ta kinkime ta zuwa asibiti, ita ta yi jinyarta kafin 'ya'yan su iso. Inna ta tashi, amma hannun hagu ya mutu, yatsun sun lanƙwashe.

A nan tsoro ya kama Inna, tsoro na gaske. Ba ta san wani mai rai da ya iya juyin nan ba. In ta tafi, aikin kakarta ya tafi.

Ta sa aka kira matar tela. "Ɗauro zaren, 'yar nan. Yau zan nuna miki na gaskiya."

Matar ta ɗaura don kunya, ta zauna. Inna ta ɗaga hannu za ta nuna, hannun ya ƙi. Ta buɗe baki za ta faɗa, sai ta tarar ba ta da kalmomin. Tun da take ba ta taɓa faɗarsa da baki ba, yatsunta ne suka sani.

"Ki shiga ta ƙasa. A'a, ta sama. Ki juyo shi... ba haka ba!"

"Yanzu kika ce ta ƙasa, Inna."

"Na ce ta sama!"

Matar tela ta ware hannuwa. Igiya biyu. Ta sake, biyu. Ta ɗago ta kalli Inna, irin kallon da Inna ta daɗe tana yi wa mutane.

"Inna, in ba kya so na iya, ki bar shi kawai. Ba sai kin sake wahalar da ni ba."

"Wallahi wannan karon da gaske nake."

"To, Inna."

Ta zare maɗaukan daga yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ta rataye su a kan ƙarfen gado, ta gyara wa Inna matashi. Ta tambaye ta ko za ta sha ruwa.