Majiyar da Kawu Ya Yarda da Ita

Shekara biyu Kawu ya yi a gidana a Batsari bayan ɓarayin daji sun tashe su daga Yasore. Abin da ya fito da shi bijimai biyu ne na huɗa da garma. Ya ɗaure su a bayan ɗakina, kullum yana kallonsu suna cin harawa ba aikin komai.

Kawu ba ya jin Turanci, amma akwai wani marubuci da yake ji da shi, mai shafi a jaridar Asabar. Direban akori-kura ke kawo mana ita daga Katsina, ni kuma in fassara masa. Duk abin da mutumin ya rubuta, to ya zauna. Ni kuwa, malamin firamare da aka yi wa kaciya a gabansa, ko ruwa na ce ana yi sai ya leƙa waje.

Ban taɓa gaya masa ajinmu ɗaya da marubucin a sakandare ba. Na san in ya ji, saƙo ba zai ƙare ba.

Lokacin ana ta rigima a kan sulhu da 'yan bindiga. Masu mulki na cewa an samu lafiya, 'yan adawa na cewa ƙarya ce, marubuta ma sun rabu biyu. Wata Talata abokin nawa marubuci ya kira ni daga Kaduna yana tambayar halin da ake ciki. Na ji daɗi ƙwarai, don ba a saba tambayata ba. Na ce masa an samu sauƙi, mutane sun fara komawa gona. Abin da na sani bai wuce maganar direban nan ba, wanda ya ce sati biyu bai ji harbi a hanyar Runka ba. Sauran ni na ƙara, don kar a ce garinmu kullum kuka.

Ranar Asabar na buɗe jarida na tarar da kaina. Na zama majiya mai tushe, dattijo masanin yankin. Shekaruna talatin da bakwai. Na so in tsallake wurin, amma Kawu yana bin yatsana da ido, ya san tsawon shafin. Na fassara.

Ya ce, "To, alhamdu lillahi. Jibi zan kai shanu gona."

Na ajiye jaridar. Na ce, "Kawu, dattijon nan da ya ambata ni ne. Ni na gaya masa, kuma ban tabbatar ba."

Ya dube ni daga hula har takalmi.

"Kai? Wanga mutum da gwamnoni ka tsoro, shi rasa wanda zai tambaya sai kai? Mi ka sani?"

Na rantse. Na nuna masa lambar marubucin a waya, ya ce lamba kowa na da ita. Na kira, ba a ɗauka ba. Na sa matata ta roƙe shi, ya ce in muna ƙyashin tuwon da yake ci ne mu faɗa. Wannan ta yi mini zafi, na ƙyale shi.

Litinin da sassafe ya kora bijimansa ya tafi gonarsa ta Yasore. Ranar Laraba da la'asar ya dawo a bayan babur ɗin wani, ba hula, ƙafa a kumbure. Ɓarayin sun same shi yana cikin huɗar kunya ta huɗu. Suka kwance shanun, suka bar masa garmar, suka ce ya gode wa Allah tsoho ne.

Na kawo masa ruwa. Ya sha, ya daɗe yana kallon turakun da babu komai a kansu. Sannan ya juyo gare ni, ba faɗa, ba ɗaga murya.

"Ashe da gaske kai ne," in ji shi.