Ruwan da Aka Yi a Kwalbata Kaɗai

Shekarun baya, zamanin Turawa, ina sabon aure a Tishigu, wata unguwa a Tamale, kawuna ya samo mini aiki a gandun gwamnati da ke bayan gari. Ranar farko akawu ya zayyano mini aikina yana tauna goro: in buɗe ƙofar gandu, in share gaban ofis, "sannan ruwan sama yana hannunka." Ya nuna mini wata kwalba mai mazurari a tsakiyar fili, ya ce kullum da safe in duba in zo in faɗa.

Kunya ta hana ni tambaya. Ruwan sama a hannuna, ni ɗin nan! Sai in zauna gindin kaɗanya ina kallon gajimare suna tasowa daga gabas, farare, a hankali, kamar shanun da suka ƙoshi. Ina lallashinsu a zuci. Har sunaye na sa musu.

Shekarar nan damina ta yi jinkiri. Kullum Baturen da ke kula da gandun ya tambaya in ce babu, ya tsuke baki ya rubuta. Na tabbata korata za a yi, ga matata da tsohon ciki. Wata safiya na ɗauki butar alwalata na ɗan tsiyaya a mazurarin.

Bature ya ɗaga kwalbar, ya dubi ƙasa a bushe ƙamas, ya kira akawu.

Akawu ya ce, "Malam, duk Tamale a kwalbarka kaɗai aka yi ruwa?"

Na ce, "Ai ku kuka ce yana hannuna. Na ga kullum kasawa nake yi."

Ya yi dariya har ya ƙware. Bature kam bai dara ba. Ashe da kwalbar nan ake sanin ranar shuka masarar gandun duka; da an yarda da ni, da iri ya ƙone a ƙasa. Akawu ya ce laifinsa ne, bai faɗa mini daidai ba. Ya zaunar da ni: "Saukar da ruwa na Allah ne. Shuka na leburori. Naka ka duba, ka faɗi abin da ka gani. Babu ɗin ma aiki ne."

Ba a kore ni ba. Da na zama shugaban leburori, duk wanda na ɗauka sai na fara gaya masa abin da ba nasa ba, kafin nasa.

Har yau da safe nakan fito in dubi gabas. Jikata ta ce, "Kaka, akwai?" In ce, "Babu," in koma in sha kokona hankali kwance.