Muryar Malam a Cikin Ƴar Na'ura

Jiya ina neman pil, wato batir, a aljihun tebur, hannuna ya taɓo ƴar na'urar MP3 ta yayana, wadda ba ta wuce ɗan yatsa ba. Na kasa komawa kan tukunyata.

Muna yara a La Courneuve, a Faransa, aka kawo Kaka daga Damagaram, bayan rasuwar mijinta, wanda take kira Malam. Ba ta iya zama. Daga taga sai ƙofa, daga ƙofa sai taga, ga sanyi, ga bene mai tsawo. Abu ɗaya ke zaunar da ita: kaset na karatun Alƙur'anin Malam, har da tarinsa, da carar zakara can baya. Sai rediyo ta fara tauna zaren. Ni ke naɗe shi da biro, kowace naɗa muryar na ƙara rawa.

Lokacin waɗannan na'urori suna sabbi, cikinsu ƙarami. Yaya ya sha yawo gidajen abokai kafin ya cika tasa da waƙoƙi, don ba mu da ordinatar, wato kwamfuta. Yana shirin tafiya karatu Lyon, ya ce zai ɗaukar mata muryar a ciki.

"Me ke cikinta yanzu?" in ji Kaka.

"Waƙoƙi. Akwai sauran wuri, ba za su taɓa juna ba."

"Malam bai zauna wurin kiɗa yana raye ba. Ba ni zan kai shi ba."

"Kaka, ba ɗaki ba ne fa."

"Ji mijin banza. Riƙe abarka."

Shi ma ya kama kai da kawo irin nata. Ranar tafiyarsa, jaka na bakin ƙofa, zaren ya sake sarƙewa, na warware. Yaya ya ɗauko na'urarsa. Ya goge waƙoƙin kakaf, ya kara na'urar jikin rediyo har karatun ya ƙare, ya rataya mata a wuya. Washegari kaset ɗin ya tsinke.

Yau a wayata karatu da waƙa duk a cakuɗe suke, ban taɓa damuwa ba. Kaka ma ta bi Malam, Allah ya jiƙansu. Na sa wa na'urar pil, na danna. Kafin bisimilla sai ga muryarta, kusa da kunnena:

"Ku yi shiru, Malam zai fara."

Na zauna.