Gambar Iyaka

Gonarmu tana gangaren tabkin Madarumfa. Da Baba zai raba mana ita, ni da ƙanena, bai kira kowa shaida ba. Gamba ya dasa a jere, daga gindin gawo har bakin ruwa, ya ce, "Ga iyakarku nan." Kowace kaka mukan yanke ta tare, mu saƙa zana. Fakara na yin ƙwai a cikinta, zomo na laɓewa.

Sai masu furoje, ma'aikatan raya karkara, suka zo da wani iccen ƙaya, wai shinge ne. Ni bokona bai yi nisa ba, amma ban ga ranar da aka tambaye mu ba. Awaki suka so 'ya'yansa, suna ci suna kasayar da irin. Mu kuma kowace bazara mu kwashe takin awaki a amalanke mu kai gona, yadda muka gada. Haka iccen ya shigo gonarmu. Ka sare shi, ya tofo da 'yan'uwansa. Ko ciyawa ba ta fita a ƙarƙashinsa. Gambar ta yi ja, ta mutu. Fakara ta tafi, na daina jin kukanta.

Da iyaka ta ɓace, kunyar gero ta zama abin faɗa. Na ce ƙanena ya shigo mini, ya ce ni na shigo masa. Muka daina gaisawa, ko a masallaci.

Bara da rani na ɗauki gatari da magirbi na shiga ƙayar ni kaɗai. Ta huda mini takalmi, ta yage mini hannuwa. Na yi ta tono har na tarar da saiwoyin gambar, baƙaƙe, a jere yadda Baba ya sa su. Ranar kasuwa na tare ƙanena na ce ya zo ya gani.

Ya zo, ya tsaya daga nesa, makullin babur a hannunsa.

"Yaya, duk wannan jinin don matacciyar ciyawa?"

"Uban wa ya dasa ta? Matso ka duba!"

"Ka haɗa duka ka nome. Ni na koma Ɗan Issa, kabu-kabu ya fi mini ƙaya."

Ya tafi bai duba ba.

Bana na samo tushen gamba daga Safo na dasa a layin. Nawa ɓangaren kawai nake nomawa. Nasa kuwa ƙaya ta cinye, tana leƙo ni.