Igiyar Tsawo-da-Faɗi

Idan kana son tarihin kasafin kuɗin birninmu, kada ka wahalar da ƙafarka zuwa ofis. Zo in ɗaga maka rigar mijin yayata, komai a rubuce yake a jikinsa. Tabon ƙeyarsa na shekarar da aka ƙara harajin gida kashi goma ne. Wata tsohuwa ce ta sa hannu da murfin tukunya. Haƙoran gaba biyu sun tafi shekarar da majalisar birni ta ce za ta gina gada. Gadar ba ta zo ba, haƙoran ma ba su dawo ba. Kunnen hagu kuwa, wanda ya naɗe kamar busasshen ganye, aikin wani mai wankin mota ne da bokitin ƙarfe.

Aikinsa awon gidaje. A birninmu da mita ake yanka wa gida haraji, shi kuma shekara ashirin da tara yana yawo da tef ɗin awo a jaka, yana buga ƙofa yana cewa, "Salamu alaikum, tsawo da faɗi." Shi ya sa sunan ya bi shi. Har 'ya'yansa, in ba ya kusa, Tsawo-da-Faɗi suke ce masa.

Duk shekara, ranar da za a karanta kasafi a rediyo, yayata takan aje wanki ta zauna da fensir. Wasu lissafin haraji suke yi, ita lissafin bandeji. In an ce kashi biyar, naɗi ɗaya ya isa. In an ce kashi ashirin, sai ta haɗa da maganin aidin, ta kuma ce in bar wayata a kunne.

Ni mai gyaran takalma ne, kuma ni kaɗai na san abin da ke bakin tef ɗin nan, don ni na ɗinka shi. Igiya ce baƙa mai ƙugiya, wai don a rataya a ƙusa idan ba mai riƙe masa. Tsawonta mita ɗaya cif. Daga ƙugiyar yake fara awo, tef kuma sai bayan igiyar yake fara ƙirga. Ka ga kowane gida ya rage mita guda a tsawo, mita guda a faɗi, a takardar hukuma. Yana yaro aka garƙame gidan mahaifiyarsa saboda haraji, ta ƙare rayuwarta a ɗakin haya. Bai taɓa yi mini dogon bayani ba. Cewa kawai ya yi, "Ɗinka da kyau. Kuma in bakin nan naka mai kama da rediyon tasha ya furta, ni da fansho har abada, wataƙila ma da gidan yari." Na rantse. Shekara ashirin da tara ina kallon mutanen da yake rage wa haraji suna farfasa masa jiki, maganar tana cina kamar ƙusa a tafin takalmi.

Bana, saura wata huɗu ya yi ritaya, kasafi ya zo da abu biyu: ƙarin kashi ashirin da biyar, da wata na'urar awo mai jan haske wadda sabon shugaban sashensu, wani mai tabarau da ba ya dariya, ya ce ba ta ƙarya. Layinmu aka fara haskawa. Da takardu suka fito, kowane gida ya yi ƙiba. Mai Tabarau ya fara tambaya a ofis yadda aka yi gidajen layi guda suka girma tare kamar 'yan biyu. Kuma wa aka ba takardun ya raba? Ka sani.

Na ce wa mijin yayata, "Yaya, ka cire igiyar nan ka jefar."

"Na'urar guda ɗaya ce," in ji shi. "Saura unguwa uku ba ta je ba. Su da tef zan auna su."

"To ka yi ciwon ciki ranar rabon takarda."

"Cikina lafiyarsa ƙalau."

Ranar rabon, da hantsi ya shigo layin. Bai kai gida na huɗu ba Mai Walda ya fito daga shagonsa, takarda a hannu ɗaya, guntun bututu a ɗayan. Ƙato ne, wuyansa ya fi cinyata kauri.

"Kai, Tsawo! Gidana haihuwa ya yi? Bara mita goma sha ɗaya, bana goma sha biyu. Ina jaririn?"

"Na'ura ce ta auna."

"Kai ka riƙe mata jaka!"

Bututun ya sauka a kafaɗarsa, na ji ƙarar daga kan bencina. Takardu suka watse. Kafin in zura takalmi, layin ya fito kaf: mai faci da ƙarfen cire taya, matar mai kanti da kujerar roba, wani ɗan haya da ko bulo ɗaya bai mallaka ba, shi ma ya zo da tsintsiya. Suka kai shi ƙasa. Kujerar ta tarwatse a bayansa. Wani ya taka masa hannu, na ji yatsa ya ce ƙas. Jini ya rufe masa ido, yana ta laluben jakarsa yana ƙanƙame ta a ƙirji. Na kutsa ina ihu, "Ku bari, mijin yayata ne!" Aka ce, "Ashe ma dangi ne," aka ba ni rabona a hanci. Na zauna a kwata, rantsuwa a bakina, jini a rigata.

Mai Walda ya fizge jakar, ya zaro tef ɗin. "Da abin da kake cutarmu zan ɗaure ka." Ya murɗe masa hannuwa ta baya, ya fara naɗa igiyar.

"Dakata," in ji Baba Kafinta.

Tsohon bai doki kowa ba, ba don tausayi ba, don gwiwa. Shekara hamsin yana awo, idonsa ma tef ne. Ya karɓi igiyar, ya zaro ma'auninsa na katako daga aljihu, ya shimfiɗa. Ya dubi inda sifili ya fara. Ya dubi ƙugiyar da ta cinye saboda rataya.

"Daga ina kake fara auna gidajenmu, ɗan nan?"

Mijin yayata ya kifa fuskarsa a ƙasa.

"Na ce daga ina?"

Ni dai rantsuwa na yi ba zan furta ba. Ban rantse ba zan nuna da yatsa ba. Na nuna ƙugiyar.

Baba Kafinta ya juya ga Mai Walda. "Gidanka goma sha biyu ne tun ranar da na kafa maka ƙofa, sakarai. Wannan da ka kwantar shi ya ɓoye maka mita guda shekara da shekaru."

Bututun ya faɗi. Matar mai kanti ta dubi ƙafar kujerar da ta rage a hannunta kamar wani ne ya ba ta ajiya.

A daidai nan motar hukuma ta shawo kwana, Mai Tabarau a gaba, 'yan sanda biyu a baya. Mijin yayata ya ɗaga kai da ƙyar, ya tofar da jini, ya ce, "Fanshona."

Ban taɓa ganin layinmu ya haɗa kai da sauri haka ba. Na zaro wuƙar aikina na yanke ɗinkina na shekara ashirin da tara. Matar mai kanti ta cusa igiyar a jakarta ta zauna a kai. Mai Tabarau ya sauko, ya ɗauki tef ɗin, ya juya shi gaba da baya.

"Me ya sa kuka doke shi? Ko wata yarjejeniya ce tsakaninku ta lalace?"

"Yarjejeniya?" Mai Walda ya daka tsawa, idonsa cike da hawaye. "Da wannan mugun? Ranka ya daɗe, mutumin nan ko faɗin farce bai taɓa rage wa kowa ba! Tef ɗinsa ne ya tsufa, shi kuwa zuciyarsa dutse!" Don a tabbatar, ya ƙara masa mari guda. Ya rantse daga baya a hankali ya yi. Haƙori na uku bai yarda ba, ya bi 'yan'uwansa biyu.

Mai Walda ya kwana uku a hannun 'yan sanda. Mai Tabarau ya rubuta cewa kuskuren tsohon kayan aiki ne, ya ƙwace tef ɗin, ya ba mijin yayata takardar yabo saboda jajircewa. Unguwa ukun nan na'ura ce ta auna su, kuma abin da ya fi damunsa ke nan a gadon asibiti, ba yatsan ba.

Ya yi ritaya da fanshonsa cikakke. Harajin dai muna biya, na mita goma sha biyu. Yanzu kullum da safe yana zaune a shagon walda kan kujera mai matashi, wadda aka ƙera masa musamman. In motar hukuma ta gifta, sai Mai Walda ya miƙe ya nuna shi da bututu ya ce, "Azzalumi!" Shi kuma ya yi murmushi da gibinsa, ya ce a miƙo masa ruwa mai sanyi.