Tsatso a Furen Kabewa

A daminar da wayar salula ta iso garin Lafiya na shuka kabewa a bayan gidan da nake haya a Bukan Sidi. Irin na mahaifiyata ne, ƙwaya tara a ƙullin tsumma. Tun bayan rasuwarta babu mai sauransa sai ni.

Da ta fara fure, na leƙa cikin ɗaya na tarar da tsatso uku kwance, ƙwarin nan masu almakashi a wutsiya. Sun ɓula gefen furen, jikinsu duk garin rawaya. Na duba masarar da ke kusa, nan ma suna cin gemunta. Ban yi shawara da kowa ba, na sayo maganin feshi. Kullum na dawo daga karanta labarun safe a gidan rediyo sai in fesa, daidai lokacin da fure ke buɗe.

Tsatso suka ragu. Amma 'ya'yan kabewar sai su kai girman ƙwai, su yi rawaya, su faɗi.

Maƙwabciyata, wata dattijuwa 'yar Eggon mai sayar da doya, ta leƙo ta kan danga.

"Oga mai labaru, kabewa naka ya yi fure, bai riƙe ɗa ba. Me ka zuba masa?"

"Maganin tsatso, Mama."

"To ina zuma? Ka ji kukansu yau?"

Na kasa kunne. Shiru.

"Tsatso ya ci bakin fure kawai," in ji ta. "Kai ka kashe masu aiki. Wannan ma ka karanta a rediyo."

Ta sa na cusa busasshiyar ciyawa a gwangwanayen madara, na kife su kan tsinke a tsakanin yaɗo. Tsatso ba sa son haske, can suke ɓuya. Da hantsi in kakkaɓe wa kajinta. Sannan ta tsinko fure mai siririn wuya, ta yage ganyensa, ta goga tsakiyarsa a cikin wanda ke da ƙullutu a gindi.

"Haka za ka yi kullum, har zuma su dawo."

Mako biyu ina aikin ƙudan zuma da hannuna, da rigar ofis a jikina. 'Ya'ya huɗu suka kama. Da suka nuna na kai wa Mama babbar cikinsu, na shanya irin sauran a faifai. Ko a furen ƙarshe na ga tsatso ɗaya, na bar shi ya ci.